Taki, Jaki da Itace: Yadda Karkarar Kano Ta Daɗe Tana Ciyar da Kanta

A 'yan shekarun nan ƙungiyoyin raya karkara da hukumomin gwamnati sun yawaita kira ga kowace al'umma da ta noma abincinta ba tare da jingina ga takin zamani da magungunan feshi ba, ta kuma samar wa kanta makamashin da ba ya ƙarewa, wato wanda yake sabunta kansa, kamar hasken rana da iska da itacen da ake sara ya sake tohowa. Sau da yawa akan gabatar da wannan tunani tamkar baƙon abu da ya zo daga Turai, alhali karkarar da ke kewaye da birnin Kano ta shafe ɗaruruwan shekaru tana rayuwa a kan tsari irin wannan, tana ciyar da jama'a masu yawan gaske daga gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu. Tarihin wannan yanki yana nuna cewa dogaro da kai a nan ya tsaya ne a kan kusancin ƙauye da babbar kasuwa, da tabbacin da manomi yake da shi cewa gonarsa da itatuwan cikinta nasa ne, da kuma aikin iyali mai wuyar gaske, kuma duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ya raunana sai tsarin ya soma tangaɗi.

Tun farkon kafuwar birnin, noma da zaman birni a haɗe suke. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, kuma an faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda a lokacinsa ne aka kafa Kasuwar Kurmi. Ganuwar ta kewaye fili da ya ninka wurin da gidaje suke, domin idan abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya, mutane su iya shuka hatsi su kuma yi kiwo daga ciki. Matafiyan Turai da suka iso a ƙarni na 19, Hugh Clapperton a 1824 da Heinrich Barth a 1851, dukansu sun lura cewa gonaki sun cinye babban ɓangare na cikin ganuwa, sun kuma ƙiyasta mazauna birnin da mutum dubu talatin ko fiye, ban da fatake da ke cika shi da rani. Barth ya yaba albarkar ƙasar Kano ƙwarai, ya kuma lura da yadda iyali ɗaya yake haɗa noma da saƙa da rini.

Sai dai albarkar da ya gani aikin hannu ce. Yawancin ƙasar yankin jigawa ce, wato ƙasa mai yashi da ba ta riƙe ruwa ko abincin tsiro sosai, damina kuwa ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. A wuraren da jama'a ba su da yawa, maganin gajiyar ƙasa shi ne a bar gona ta zama saura na wasu shekaru, ciyawa da ƙananan itatuwa su dawo mata da ƙarfi, manomi ya je ya yi sassabe a wani wuri. Kusa da Kano babu wannan sararin. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya shata yankin da ya kira yanki mai cunkoson mazauna, ya sa iyakarsa inda yawan jama'a ya kai kimanin mutum 350 a kowane murabba'in mil, ya kuma samu cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar ana noma ta kowace shekara. A ƙa'idar da masana da yawa suke bi a lokacin, ƙasa irin wannan ta kamata ta mutu murus cikin ɗan lokaci. Ba ta mutu ba, kuma dalilin rashin mutuwarta shi ne taki.

A bakin manomin Kano, taki ya haɗa kashin awaki da tumaki da shanu da jakai, da kashin kaji da tantabaru wanda ake ganin ya fi ƙarfi, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, da ruɓaɓɓen jinka da ƙasar tsohon bango. Da zarar an yi shuka akan ɗaure dabbobi a turke cikin gida domin kada su shiga gonakin mutane, ana yanko musu ciyawa da ganye, kashinsu yana taruwa wuri ɗaya har ƙarshen damina. Bayan girbi ba a barin komai ya lalace: harawa, wato busasshen ganyen wake da na gyaɗa, akan naɗe ta a ɗora kan rufin ɗaki ko a rassan itace don abincin dabbobi da rani, karan dawa da na gero kuma ya tafi ga danga da rufi da hura wuta, tokarsa ta koma juji. Da bazara, kafin saukar ruwan fari, sai a kwashe jujin a kai gona cikin mangala, wato jakar saƙa mai aljihu biyu da ake ɗora wa jaki, a zuba tsibi-tsibi a jere, a baje idan lokacin huɗa ya yi. Inda akwai Fulani makiyaya kusa, mai gona yakan roƙi su sauka a gonarsa da rani shanu su kwana a ciki, ya biya su da damin hatsi ko kuɗi, ko kuma ya bar musu kara da ruwan rijiya.

Abin da ya bambanta karkarar Kano da sauran wurare shi ne birnin da kansa ya zama babban juji. Mutanen birni suna kiwon dabbobi a gidajensu, sarakuna da attajirai suna da bargar dawaki, kasuwanni da mahauta da marina suna fitar da shara kullum, kuma duk wannan dukiya ce a idon manomi. Da rani, ayarin jakai yakan shigo ta ƙofofin birni da safe ɗauke da itacen girki da hatsi da harawa da kayan lambu, ya fita da yamma da mangala cike da taki. Saboda haka gonakin da suka fi samun taki su ne waɗanda suke cikin tazarar da jaki zai iya zuwa birni ya dawo a yini guda, kuma darajar gona takan ragu gwargwadon nisanta daga ƙofa. Abin da gona ta ba birni a matsayin abinci da itace yana komowa gare ta a matsayin kashi da toka, kuma babu wata hukuma da ta tsara wannan. Ciniki ne da alaƙar mutunci tsakanin gidan birni da wani manomi da ya saba kwashe masa juji shekara da shekaru.

Tsarin shuka ma yana da nasa rabon. Manomi ba ya shuka abu ɗaya a gona: gero mai saurin nuna da dawa mai jinkiri suna tafiya tare, wake da gyaɗa suna shiga tsakanin kunyoyi, ta yadda idan ruwa ya ɗauke da wuri wani abu zai tsira. Wake da gyaɗa suna da ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwoyinsu inda wasu ƙwayoyin halitta suke jawo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin tsiro, wanda shi ne sinadarin da ake saye da tsada a buhun yuriya. Frances Harris, wadda ta yi bincike a ƙauyen Tumbau a shekarun 1990, ta bi sawun abin da yake shiga gona da abin da yake fita daga cikinta, ta nuna cewa wannan zagaye na wake da harawa da dabba da taki shi ne ginshiƙin ɗorewar ƙasar, ta kuma ƙara da abin da ba kowa yake lissafawa ba, wato ƙurar hunturu da iskar arewa maso gabas take saukewa a gonaki kowace shekara, wadda take ɗauke da wasu ma'adanai masu amfani ga shuka.

Ta fuskar makamashi kuwa, kafin zuwan kananzir da lantarki da gas, wutar girki da ta maƙera da ta masu toya tukwane duk daga itace da kara da gawayi take. Wanda ya bi karkarar Kano zai ga gonaki cike da manyan itatuwa a warwatse, ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da ɗinya da rimi da gawo, daga baya kuma darbejiya da aka shigo da ita a zamanin mulkin mallaka. Kowane itace da mai shi, ana gadonsa, ana iya sayar da shi ko jinginar da shi, wani lokaci ma mai gona daban mai ɗorawar da ke cikinta daban. Ba a cika kayar da itace mai rai ba, rassansa ake sarewa bi da bi, a sayar ko a yi girki, bayan shekara biyu ko uku ya sake cika. Gawo yana da wata ɗabi'a da ta sa manoma suke ƙaunarsa, domin yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne shuka, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabbobi suke neman ganye da 'ya'yansa, su taru a gindinsa su bar taki. A shekarun 1970 da 1980 ra'ayin da ya yaɗu a duniya shi ne biranen Sahel suna cinye dazuzzukan da ke kewaye da su zobe bayan zobe. Binciken da Reginald Cline-Cole da Mortimore da abokan aikinsu suka yi a kan itacen girki a Kano, wanda aka buga a 1990, ya samu akasin haka a gonakin da ke kusa da birni, inda yawan itatuwa bai ragu ba duk da farin da aka sha. Ɓarnar tana can nesa, a dajin da ba shi da takamaiman mai shi, inda manyan motoci suke zuwa lodin itace daga ɗaruruwan kilomitoci.

Bai kamata a ƙawata wannan tarihi fiye da kima ba. Ginshiƙin aikin shi ne gandu, wato tsarin da uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suke noma babbar gonar gida tare, shi kuma ya ciyar da su ya biya musu haraji ya yi musu aure, kowane ɗa kuma yana da gayauna, ƙaramar gonar kansa da yake shiga da yamma ko a ranar hutu. Gayya, wato taron maƙwabta da abokai don yi wa mutum noma da kiɗa da abinci, ita ce aka fi ambata idan ana maganar haɗin kan al'umma, kuma gaskiya ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma gayya tana buƙatar mai ita ya iya ciyar da jama'a, don haka mai hali ya fi cin moriyarta. A ƙarni na 19 kuma wani kaso mai yawa na wahalar noman, musamman a rinji, wato ƙauyen gonar sarki ko attajiri, bayi ne suka ɗauke shi. Polly Hill, wadda ta yi nazarin yankin Dorayi da ke gefen birnin Kano a farkon shekarun 1970 ta kuma buga littafi a kai a 1977, ta nuna yadda ƙanƙancewar gonaki ta hanyar rabon gado ta jefa gidaje da dama cikin talauci, har wasu suke sayar da takin gidansu maimakon su kai gonarsu. Tsarin kuma bai hana yunwa ba idan ruwa ya ƙi sauka, kamar yadda aka gani a yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da kuma farin 1972 zuwa 1974. Abin da ya cece mutane a irin waɗannan shekaru shi ne rumbu da sana'ar hannu da cin rani.

Zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911 ya buɗe sabon babi. Turawa sun so auduga, manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa, wadda ta fi kawo kuɗi, ta dace da jigawa, ta kuma bar harawa ga dabbobi, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka tsaya tsakaninsu da kamfanonin Turai, har aka kai ga dalar gyaɗa da Kano ta shahara da ita. Wannan ciniki ya karye bayan fari da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya ba gwamnati damar shigo da takin zamani da rangwame mai yawa, ta shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na gwamnatin Shehu Shagari, da hukumar raya noma ta Kano, KNARDA, da aka kafa a farkon shekarun 1980 da tallafin Bankin Duniya. Manoma sun karɓi takin buhu hannu bibbiyu, musamman masu noman masara da masu noman rani a Kadawa bayan gina madatsar Tiga, amma ba su yar da na gida ba, domin sun san na buhu na shekara ɗaya ne, na turke kuwa yana gyara jikin ƙasa har shekaru. Da aka soma janye rangwamen bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, farashi ya tashi, takin ya riƙa zuwa a makare, waɗanda suka riƙe dabbobinsu ne suka fi jimrewa.

Abin da ya faru a ƙasar Hausa ta Nijar ya ƙara fito da muhimmancin mallaka fili. Ana ruwaito cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo a ƙarni na 19, amma dokar gandun daji da Faransa ta kafa a yankunan mulkinta na Afirka ta Yamma a 1935, da wadda Nijar ta yi bayan samun 'yanci, sun mayar da muhimman itatuwa ƙarƙashin ikon gwamnati, ta yadda manomi zai iya shan tara don ya sare reshen itacen da ke gonarsa. Sakamakon shi ne mutane suka gwammace su tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, kuma zuwa farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da yashi. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kurmin sabara da kalgo da ake sarewa kowace bazara kututturan itatuwa ne masu rai da saiwoyi masu zurfi, kuma idan aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka rage sauran, cikin 'yan shekaru za su zama itace. Dabarar ta yaɗu a lokacin yunwar 1984, shekarar da gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron Maraɗi a kan gurgusowar hamada, ta kuma ƙara ƙarfi da aka sassauta hannun ma'aikatan gandun daji, aka yi dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutane suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa da mata da makiyaya. Binciken Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou ya ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo a jihohin Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200, abin da babu wani shirin dashen gwamnati a yankin da ya kusanci yin irinsa.

Neman makamashi daga hasken rana shi ma ya fi shekara hamsin a wannan yanki. Abdou Moumouni, masanin kimiyya da aka haifa a Tasawa a 1929, wanda Jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dumama ruwa da na girki da injin jawo ruwa masu aiki da zafin rana. A Najeriya an kafa cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato a farkon shekarun 1980. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda take sanyaya kayan lambu su yi kwanaki ba tare da lantarki ba, kuma maginan tukwane na ƙauye ne suke yin ta. Farantan sola sun yi araha a shekarun baya-bayan nan, a 2018 aka fara haɗa shagunan Kasuwar Sabon Gari ta Kano da wutar sola da 'yan kasuwa suke biya gwargwadon abin da suka sha, sannan bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 masu noman rani da yawa suka koma injin ban ruwa na sola. A nan ma tsohuwar ƙa'idar gawo da ɗorawa ce take aiki, domin rijiyar burtsatse da aka kafa wa gari kyauta ba tare da kwamiti mai tara kuɗin gyara ba takan tsaya da zarar famfo ko batir ya lalace, wadda kuwa take da sanannen mai kula da asusu tana daɗewa tana ba da ruwa.

A Kano kanta, tsohon zagayen birni da ƙauye yana nan amma ya sauya kama. Tifa da a-kori-kura sun maye gurbin yawancin jakai, manoma suna biyan direbobi su juye musu sharar birni a gona, sai dai sharar yanzu cike take da leda da robobi da gilashi da tsofaffin batura, sai an sa yara ko 'yan ƙwadago sun tsince kafin a baje, kuma ledar da ta saura tana hana ruwa shiga ƙasa tana kashe akuyar da ta ci ta. Masu lambu a gaɓar Jakara da Getsi, waɗanda kakanninsu suka yi ban ruwa da jigo, yanzu suna shayar da latas da kabeji da ruwan da ya haɗu da dagwalon gidaje da na masana'antun Bompai. Gonakin da suka fi shan taki a tarihi, waɗanda suke dab da ganuwa, su ne birni ya fara haɗiyewa, domin kuɗin fuloti ya ninka abin da gero zai kawo a shekaru masu yawa, kuma Dorayin da Polly Hill ta ƙirga gandayensa a farkon shekarun 1970 yanzu unguwa ce mai cunkoso a ƙaramar hukumar Gwale.